Zanzibar a Lokacin Damina: Ribar Ziyartar Tsibiri Bayan Baƙi Sun Watse

Akasarin masu yawon buɗe ido da ke zuwa tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya sukan zaɓi watannin Yuni zuwa Oktoba, ko kuma Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sama ke washewa. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu kuwa, sa'ad da babbar daminar da mutanen wurin ke kira masika ta kankama, sai gaɓar teku ta yi wayam. A ganina, duk mai son ya san Zanzibar da mutanenta ya fi cin riba idan ya je a waɗannan watanni, muddin ya san abin da zai tarar.

Tun zamanin da, iska ce ke tsara rayuwar waɗannan tsibirai. Iskar kaskazi mai tasowa daga arewa maso gabas ita ce ke koro jiragen fatake daga Oman da Farisa da Indiya, sannan iskar kusi ta taso daga kudu ta mayar da su gida. Masika tana sauka ne a daidai lokacin da iskokin biyu ke musayar aiki. A yau jiragen sama ne ke kawo baƙi, amma har yanzu damina ce ke raba shekarar gida biyu: lokacin ciniki da lokacin zaman jira.

Riba ta farko a fili take. Masaukai da dama sukan rage farashi sosai, wasu ma su rufe don yin gyare-gyare. Ɗalibi ko ma'aikacin da aljihunsa ba zai ɗauki tsadar Disamba ba, yana iya samun ɗaki mai kyau a Afrilu.

Riba ta biyu ta fi wannan girma. Tsohon birnin da ake kira Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, gari ne mai ƙananan lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa. A lokacin cunkoso, baƙo kan ga baƙi 'yan uwansa fiye da masu gari. Idan damina ta zo, sai garin ya koma hannun masu shi: 'yan makaranta suna wucewa, mata suna cefane a kasuwar Darajani, dattawa suna shan gahawa a bakin hanya suna hira. A harabar cocin Angilika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, mutum zai samu shirun da irin wannan wuri ya cancanta, ya tsaya ya yi tunani ba tare da ana ingiza shi ya matsa gaba ba.

Gonaki ma sai a damina suke nuna kyansu. Kanumfarin da muke sakawa a kunu da shayi yana da dogon tarihi a nan. Sarkin Oman Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar a wajajen 1840, shi ya ƙarfafa nomansa, kuma da gumin bayi aka kafa gonakin. Tsibirin Pemba ne ke samar da mafi yawansa a yau. A gonakin Kizimbani baƙo zai ga yadda kirfa da citta da masoro ke tsirowa, a dajin Jozani kuma ya ga wani nau'in jan biri da tsibirin ya keɓanta da shi.

Akwai kuma batun mutanen da abincinsu ya dogara da baƙi. Direba da ɗan jagora da mai kwale-kwale da mai dafa abinci duk sukan shiga matsi a waɗannan watanni, domin aiki ya yi ƙaranci amma buƙatun gida ba su ragu ba. Kuɗin da baƙo ya kashe a Afrilu ya fi amfani ga iyalansu fiye da wanda zai kashe a Agusta, musamman idan ya sauka a ƙaramin masauki na 'yan gari, ya sayi sabulun da matan Paje ke yi da ciyawar tekun da suke nomawa. Saboda haka bai dace mai ziyara ya yi amfani da halin matsin da suke ciki ya tauye musu farashi ba.

To sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ruwan masika yakan wuni yana zuba, hanyoyin ƙauye su caɓe, sauro ya ƙaru, ruwan teku ya gurɓace ga masu son ninƙaya. Tafiyar jirgin ruwa daga Darussalam kimanin sa'o'i biyu ce, amma idan teku ta harzuƙa, hikima ita ce a jinkirta. Hatsarin jirgin Spice Islander, wanda ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a Satumban 2011 saboda lodin da ya wuce ƙima, darasi ne ga matafiyi a kowane lokaci na shekara: kada a shiga jirgin da aka cika maƙil.

Mai niyyar tafiya daga Najeriya ya tanadi katin rigakafin cutar shawara da maganin zazzaɓin cizon sauro, ya kuma san cewa tun Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar sun wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44. Mafi yawan mazauna tsibiran Musulmi ne, don haka suturar mutunci tana buɗe ƙofofi da yawa. Sannan ya bar 'yan kwanaki a jadawalinsa babu wani shiri, domin ruwan sama ba ya shawara da kowa. Wanda ya yi wannan tanadi zai dawo da sanin yadda mutanen Zanzibar ke rayuwa a lokacin da ba su jiran kowa.