Yinka Dare: Ɗan ƙwallon kwandon da aka haifa a Kano, ya kai NBA, ya rasu yana da shekara 31

Yayin da matasa ke ƙara rungumar ƙwallon kwando, sunan da aka fi ambata shi ne na Hakeem Olajuwon. Sai dai tarihin Yinka Dare ya fi nuna irin abin da ke samun akasarin 'yan wasan da ke fita ƙetare neman arziki.

An haifi Dare a Kano ranar 10 ga Oktoba, 1972. A 1991 wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka, Lloyd Ukwu, ya gan shi a Legas, tsayinsa na kimanin ƙafa 7 ya ja hankalinsa, ya kuma share masa hanyar zuwa Amurka. Bayan ɗan zama a makarantar Milford, ya shiga Jami'ar George Washington a 1992, ƙarƙashin mai horarwa Mike Jarvis. A shekararsa ta farko ya taimaka wa jami'ar ta shiga sahun ƙungiyoyi 16 na ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka ta 1993.

Bayan shekara biyu kacal ya ajiye karatu ya nufi NBA. A 1994, shekarar da Olajuwon ya lashe kofin gasar da Houston Rockets, ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauki Dare a matsayi na 14 a zaɓen sababbin 'yan wasa. Jama'a suka fara auna shi da ma'aunin Olajuwon, alhali shekarunsa a fagen wasan ba su taka kara sun karya ba.

Daga nan al'amura suka fara dagulewa. A kakarsa ta farko minti 3 kawai ya buga, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya yi zaman jinya har ƙarshen kaka. A kakar 1995 zuwa 1996 ya buga wasa 58 ba tare da ya miƙa ƙwallo ko ɗaya da abokin wasa ya jefa a kwando ba, abin da ya shiga kundin tarihin gasar, ya kuma mai da shi abin zolaya a jaridu. A kaka huɗu ya buga wasa 110, da matsakaicin maki 2.1 a kowane wasa.

A watan Fabrairun 1998 Nets ta miƙa shi ga Orlando Magic cikin wata musayar 'yan wasa, ita kuma ta sallame shi nan take. Daga bisani ya koma yawo tsakanin ƙananan gasannin Amurka, irin su CBA da USBL, inda albashi ƙalilan ne, kwantiragi kuma gajere, har zuwa 2003.

Babbar matsalarsa ba a fili take ba. Tun yana jami'a aka gano yana da lalurar rashin daidaiton bugun zuciya. Ranar 9 ga Janairu, 2004, ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke Englewood a jihar New Jersey, rai ya yi halinsa. Binciken likitoci ya danganta rasuwar da wannan lalura.

Ga iyaye da masu horar da yara, rayuwar Dare ta nuna cewa tsayi kaɗai ba ya koya wa mutum wasa, kuma gaggawar barin makaranta kan bar ɗan wasa ba madogara idan rauni ya zo. Haka nan, gwajin lafiyar zuciya kafin shiga gasa, da ci gaba da bibiyarsa, ya wajaba ga duk matashin da ke fatan mayar da wasan sana'a, ko a Kano yake, ko a Abuja, ko a Amurka.