Ɓera da Akurkin Kaji: Yadda Za a Yaƙe Shi Ba Tare da An Kashe Dabbobin Gida Ba

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masanin ilimin halittu ba shi da abin da zai ƙara a kan wannan magana illa lissafi. Ɓera, wanda mutanen ƙasar Zamfara da Sakkwato ke kira kusu, ba ya tarewa a gida sai ya sami abubuwa uku: abinci, da ruwa, da maɓoya. Akurkin kaji na bayan gida kuwa ya haɗa dukkan ukun a wuri guda. Akwai dusa da tsaki a ƙasa, akwai kaskon ruwa da ba ya bushewa, ga tarin kara da itace a jikin katanga. Wanda duk ya ajiye kaji goma a gidansa, ko ya sani ko bai sani ba, ya shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Matsalar ta fi tsanani a Talata Mafara da Bakura da Maradun saboda wani dalili na musamman. A shekarar 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kuma tsara shayar da kimanin hekta 23,000 na gonaki daga gare ta. A yawancin ƙasar Hausa rani kan yi wa ɓeraye kaca-kaca: ciyawa ta bushe, abinci ya yanke, haihuwa ta tsaya, yawancinsu su mutu kafin damina. Inda ake noman rani kuwa wannan birki na halitta ya kwance. Binciken da aka yi a gonakin shinkafa na ban-ruwa a Tanzaniya ya nuna cewa ɓeran gona kan yi ta haihuwa kusan duk tsawon shekara muddin akwai ɗanyen tsiro da ƙwaya. Gaɓar magudanun ruwa ta ba shi ƙasa mai laushi ta haƙa rami, shinkafa da masara sun ba shi ci. Da an girbe gona aka kwashe amfani zuwa gida, shi ma sai ya bi buhu.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ba ɓera iri ɗaya ke damunsa ba. Akwai baƙin ɓeran gida, mai dogon bindi da manyan kunnuwa, wanda masana ke kira Rattus rattus. Gwanin hawa ne, shi ake ji yana tsere a rufin ɗaki da dare, kuma ta sama yake faɗa wa akurki da ɗakin tattabaru. Akwai ɓera mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, wanda ke zirga-zirga tsakanin gona da gida. Macensa na da nonuwa da kan kai 24, tana ɗaukar ciki na kwana 23, ta haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a lokaci guda, ta kuma sake ɗaukar wani cikin kwanaki kaɗan bayan haihuwa. 'Ya'yan su ma sukan soma haihuwa da wata uku. Akwai kusun ciyawa, Arvicanthis niloticus, mai yawo da rana a bakin fadama. Sannan ga gafiya, wadda ke da aljihu a kumatunta, dalilin da ya sa ake ce mata ta tsira da na bakinta. Ita kan kwashe hatsi ta kai rami ta tara. Abin sha'awa, 'yar'uwarta ta gabashin Afirka ce ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya don sunsuno nakiyoyin da aka binne da kuma gano tarin fuka a cikin majina. Jaɓa kam ba ta cikin wannan dangi ko kaɗan. Ƙwari take ci, kyankyasai da gyare da makamantansu, ba ta gaigayar buhu. Warinta ne kawai ya ja mata baƙin jini, kuma kashe ta asara ce ga mai gida.

To, mece ce ainihin ɓarnar? Babban ɓera kan ci abin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa kowace rana, wato wajen giram 20. Kaza mai ƙwai tana bukatar kimanin giram 120. Ke nan ɓeraye shida sun cinye rabon kaza guda. Idan 50 ne a gidan, kilo ɗaya ke tafiya kullum, a shekara sama da buhu uku da rabi masu kilo 100. Abin da suke ɓatawa da fitsari da kashi da gashi ya fi abin da suke ci. Haƙoransu na gaba kuma ba su daina tsiro har su mutu, shi ya sa dole su yi ta gaigayar katako da roba da wayar lantarki. Sukan fasa ƙwai, su kashe 'yan tsaki da 'ya'yan tattabaru da na zomaye cikin dare, su firgita kazar da ke kwanci har ta bar ƙwanta ya huce. Suna ɗauke da ƙwayoyin Salmonela da na kwalarar kaji daga wannan gida zuwa wancan. Inda ɓera ya yi yawa kuma maciji na tafe, domin abincinsa yake bi.

Sai dai a yi wa ɓera adalci. Annobar da ke share kaji a lokacin hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasal, daga kaza zuwa kaza take yaɗuwa, kuma allurar rigakafi ce maganinta. Haka nan shirwa da shaho da rana suke ɗauka, muzuru da tunku sukan kashe babbar kaza, maciji ya haɗiye ƙwai ɗungurungum. Kafin a yanke hukunci, a barbaɗa toka mai laushi kewaye da akurki da magariba, a duba sawu da asuba.

Haɗarin da ya fi na kaji girma shi ne na mutanen gida. An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, kuma a 1972 masu bincike a Saliyo suka sami ƙwayar cutar a jikin Mastomys natalensis. Ɓeran ba ya ciwo, amma yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashi. Mutum kan kamu ta abincin da aka bari a buɗe, ko hatsin da aka shanya a ƙasa, ko ƙurar shara, ko fiɗar ɓeran da yara suka kamo. Kimanin mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba su jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya asibiti wajen kashi 15 cikin 100 kan rasu, wasu da suka warke kuma su kurumce. Jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba ne suka fi fama da ita, yawanci daga Disamba zuwa Afrilu. Zamfara ba ta cikin na gaba-gaba, amma dangin ɓeran na nan a rumbunanmu.

Yanzu mu zo kan inda akasarin mutane ke farawa, wanda a ganina nan ya kamata a ƙare: guba. Maganin ɓeran da ake sayarwa a kasuwanninmu kashi biyu ne. Na farko mai kisan gaggawa, kamar zinki fosfaid, baƙin gari mai warin tafarnuwa, wanda kan saki iskar fosfin idan ya haɗu da ruwan ciki. Ɓera ba ya iya amai, saboda haka in ya ci da yawa ya mutu cikin sa'o'i. Amma ɓera dabba ce mai tsananin zargin sabon abu. Yakan ɗanɗana kaɗan ya jira; in cikinsa ya murɗa bai mutu ba, ya yi sallama da wannan abinci. Kaza ba ta da wannan wayo. Tsabar dawa da aka cuɗa da guba, a wurinta tsaba ce kawai, kuma zinki fosfaid na daga cikin gubobin da suka fi saurin kashe tsuntsaye. Ba shi da makari. Ko aman karen da ya ci shi na iya cutar da mai share shi a rufaffen ɗaki.

Kashi na biyu su ne masu hana jini daskarewa. Na farkonsu shi ne warfarin, wanda ya fito daga ɗakin binciken Karl Paul Link a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, aka gabatar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948. Yana hana jiki amfani da bitamin K, sai dabba ta yi ta zubar jini ta ciki har ta mutu bayan kwana 3 zuwa 7, ba tare da ta gane abin da ya same ta ba. Shekara goma kacal, a 1958, aka sami ɓerayen da warfarin ba ya kashewa a Sikotilan. Wannan ya sa a shekarun 1970 aka ƙirƙiro masu ƙarfi irin su burodifakum da buromadiyolon. Suna kisa da ci ɗaya, amma suna zama a hanta watanni. Ɓeran da ya ci yakan yi kwanaki yana tangaɗi a tsakar gida, ya zama ganima mai sauƙi ga kyanwa da kare da mujiya, har da kaji, don kaza ba ta ƙin naman mushen ɓera. Gubar ta tashi daga hantarsa ta koma tasu. Batun fiya-fiya da Sniper kuwa, maganin ƙwari ne mai sinadarin dikulobos, ba a yi su don ɓera ba, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensu a shaguna da kasuwanni. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhunan hatsi ita ma fosfin take fitarwa. Sa ta a ramin ɓera kusa da ɗakin kwana na iya hallaka masu barci.

Abin da ke aiki ba shi da ban mamaki, sai dai yana son naci. A ba kaji abin da za su cinye kafin faɗuwar rana, a ɗauke kasko da ruwa da dare, a kwashe ƙwai kullum. Dusa da hatsi su shiga durom ko randa mai murfi, domin buhu ba ya tsare komai. A ɗaga akurki daga ƙasa kamar kamu biyu, a sa wa ƙafafunsa hular kwano mai kama da mazurari a kife, a nisanta shi da katanga da reshen itace. Wayar raga ta kaji da aka saba saye idonta ya yi faɗi. Ƙaramin ɓera na bi ta ramin da fensir zai shiga, saboda haka ɗakin 'yan tsaki na son raga mai ido milimita 6. Ramukan gindin katanga a toshe su da siminti ko laka da fasassun kwalabe. Kakanninmu da suka ɗora rumbu a kan duwatsu suka bar ƙarƙashinsa fili sun san abin da suke yi.

Bayan an yanke abinci ne tarko ke ci. A kafa da yawa a dare ɗaya, goma sun fi biyu, a jikin bango inda aka ga sawu, bakin tarkon na fuskantar bangon. A sa ƙuli-ƙuli ko daddawa ko busasshen kifi, a bar shi ba a ɗana ba dare biyu ko uku har su saba, sannan a ɗana duka. A kife kwando ko akwati mai ƙaramar ƙofa a kai don kare kaji da yara. Allon gam ba na ba da shawararsa: yana kama 'yan tsaki da ƙadangaru, ɓeran da ya maƙale kuma yakan yi ta fitsari, abin da ake gudu ke nan. Gawar ɓera a ɗauke ta da leda a hannu, a binne da zurfi ko a ƙone.

Kyanwa fa? Tana da amfani a kan ƙananan ɓeraye, kuma warinta kaɗai na sa su rage fitowa fili. Amma kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an sa kyamarori a wata ma'ajiyar shara ta birnin Niyu Yok mai ɓeraye kusan 150; cikin kwana 79 kyanwoyin wurin biyu rak suka kashe. Gaban gafiya kuwa yawancinsu kyanwar Lami ce. Mujiyar da muke jifa ta fi ta aiki nesa ba kusa ba, har manoman Isra'ila da Malesiya ke kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki tun shekarun 1980.

Ɓera bai san iyakar gida ba. Wanda ya share nasa shi kaɗai, cikin 'yan makonni na maƙwabta za su cike gurbin. Aikin na unguwa ne, a mako guda, da sanin mai unguwa da malamin gona, kuma gwamma a yi shi kafin amfanin gona ya shigo gida.

Idan duk da haka sai an sa guba, a zaɓi mai dunƙule irin ta masu hana jini daskarewa, a ɗaure ta da waya a tsakiyar bututun roba mai tsawon kamu biyu, a danne shi da dutse a wajen akurki, a tsare kyanwa da kare, a riƙa tsince gawarwaki kowace safiya, a kuma adana kwalin. Karen da ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, ko jini na fita ta hancinsa, a garzaya da shi asibitin dabbobi tare da kwalin. Bitamin K1 na ceto shi, amma sai an yi makonni ana ba shi. Yaron da ya haɗiya kuwa asibiti kai tsaye, ba a tsaya ba shi manja ko madara ba. Akwai kuma al'adarmu ta saurin yanka kazar da ta soma layi don kada ta zama mushe. A gidan da aka sa maganin ɓera, wannan kaza ba ta ciwuwa: gubar na taruwa a hantarta, tana shiga ƙwanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A binne ta inda kare ba zai tono ba, ƙwan sauran kajin da ake zargi kuma a dakatar da ci da sayarwa har sai likitan dabbobi ya duba su.