Kaka mai shekara ɗari daga gonar gyaɗa: rayuwar Jimmy Carter

Zabura 90 ta ƙiyasta kwanakin mutum a kan shekara saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya ƙara ashirin a kan tamanin ɗin. An haife shi ran 1 ga Oktoba 1924, ya rasu ran 29 ga Disamba 2024. A wurin jana'izarsa a Washington, jikansa Jason bai tsaya kan mulki kaɗai ba. Ya tuna wa jama'a cewa kakanninsa mutanen ƙaramin gari ne, har ledar ajiye abinci sukan wanke su shanya domin a sake amfani da ita.

Ya girma a Archery, wani ƙauye kusa da garin Plains a jihar Jojiya. Gidansu bai sami wutar lantarki ba sai 1938, yana ɗan shekara goma sha huɗu ke nan. Tun yana ƙaramin yaro yake tallan dafaffiyar gyaɗa a titunan Plains. Amma kada mu ƙara wa labarin gishiri: mahaifinsa yana da gona da kanti. Matalauta na ainihi su ne maƙwabtansu baƙar fata, masu noma gonar wani a raba amfanin da mai gonar. Da 'ya'yansu ya yi wasa, amma dokar wariyar launin fata ta hana su shiga makaranta ɗaya. Mahaifiyarsa Lillian, ma'aikaciyar jinya, takan shiga gidajensu ta yi musu jinya, abin da fararen fata da yawa na lokacin ba sa yi.

Ya shiga sojan ruwa, ya auri Rosalynn a 1946. Da mahaifinsa ya rasu a 1953, ya ajiye kakin soja ya koma gida ya riƙe sana'ar gyaɗa. Shekarar farko fari ya same su, ribarsu ba ta kai dala 200 ba. Da fararen garin suka matsa masa ya shiga ƙungiyarsu ta kare wariya, ya ƙi, ko da yake su ne abokan cinikinsa. Daga nan ya zama gwamnan Jojiya a 1971, sannan shugaban ƙasa daga 1977 zuwa 1981. Ya sulhunta Masar da Isra'ila a 1978, a shekarar nan kuma ya ziyarci Legas. Tsadar kaya da Amurkawan da aka tsare a Iran kwana 444 suka sa ya faɗi zaɓen 1980 mummunan faɗuwa.

A nan ne, a ganina, labarin ya fi shafarmu. Yana da shekara 56 sa'ad da ya bar mulki, ashe akwai sauran shekara 43 a gabansa. Ya koma gidan da ya gina a Plains tun 1961. A majami'ar Baftis ta Maranatha yakan koyar a makarantar Lahadi, yakan yanke ciyawar harabar majami'a in layi ya zo kansa. Gicciyen katako da ke cikin majami'ar da kwanonin baiko, da hannunsa ya sassaƙa su. A 2015 likitoci suka ce ciwon daji ya kai hantarsa da ƙwaƙwalwarsa, duk da haka ya ci gaba da koyarwa. Yana da shekara 95 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, washegari aka gan shi riƙe da guduma wurin gina wa marasa gida gidaje.

Iyayenmu a karkara sun san kurkunu, ko da yaran yau ba su taɓa ganinsa ba. Mutum yakan sha ruwan kududdufi mai ɗauke da ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai. Bayan kamar shekara guda sai tsutsa, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya, ta huda fata, galibi a ƙafa. Zafin yakan sa mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, cutar ta sake zagayowa. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Ana nannaɗe tsutsar a tsinke ne, ana ja kaɗan-kaɗan har makonni, sau da yawa kuma daidai lokacin aikin gona. Manomi yana kwance, ciyawa tana cin gona.

A 1986, lokacin da cibiyar Carter ta ɗauki wannan yaƙi, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21. Nijeriya ce kan gaba, da fiye da mutum 650,000 a ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980. Makaman yaƙin ba masu tsada ba ne: ƙyallen tace ruwa, rijiyoyi, da masu sa kai a kowane ƙauye da ke hana mai kurkunu shiga tafki. Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana bin ƙauyuka yana roƙon gwamnoni su haƙa rijiyoyi. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar a 2013. A shekarar da Carter ya rasu, waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai ashirin ba, dukansu a Chadi da Sudan ta Kudu. Ya taɓa bayyana burinsa na ganin kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu ba, amma saura ƙiris.

Ba dukan masu bi suka yarda da ra'ayoyinsa ba. A 2000 ya raba hanya da babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka, musamman a kan matsayin mata a hidimar ikkilisiya, har yau kuma ana muhawara a kan haka. Amma bai bar ikkilisiyarsa ta gida ba.

Rosalynn ta riga shi a Nuwamba 2023, bayan shekara 77 da aure. Ya halarci jana'izarta a keken marasa lafiya, an lulluɓe shi da bargo. Bayan bikin ban kwana na ƙasa ran 9 ga Janairu 2025, aka mai da gawarsa majami'ar Maranatha aka yi sujada ta iyali, sannan aka binne shi a harabar gidansu a Plains, kusa da matarsa.