A Kiyayi Tarkon "Is" da "Are" a Jarrabawar Turanci

Duk shekara ɗalibai daga Kubwa, Nyanya, Karu da Gwagwalada kan zauna gaban kwamfuta don jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wadda hedikwatarta ke Bwari. Turanci tilas ne ga kowa, kuma shi kaɗai ke da tambayoyi 60 cikin 180. A ciki akwai wani ɗan tarko da ke cinye maki ba tare da ɗalibi ya ankara ba: jimlar da masu aikin cikinta suka wuce ɗaya.

Tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mukan ce "Musa da Audu sun zo", ba "ya zo" ba. Haka ma Turanci: idan "and" ta haɗa biyu, sai jam'i, "Musa and Audu are here".

Inda gizo ke saƙa shi ne "tare da". Bahaushe na iya cewa "Minista tare da hadimansa sun iso", babu mai ɗaga masa gira. Turanci bai yarda da wannan ba. Bayan "together with", "along with" ko "as well as", na farko kaɗai ake kallo: "The minister, together with his aides, has arrived". Hadiman 'yan rakiya ne, ba su da ta cewa.

Da "either… or" da "neither… nor" kuwa, sunan da ya fi kusa da aikatau shi ke da iko: "Neither the teacher nor the pupils were late". Juya su, malami ya koma ƙarshe, sai ka ce "was".

Wani lokaci kuma biyun abu ɗaya ne. Shinkafa da wake a kwano guda abinci ɗaya ne, shi ya sa ake cewa "Rice and beans is my lunch". Haka "The secretary and treasurer is here" mutum ɗaya ne mai muƙami biyu. Maimaita "the" gaban na biyu, sun zama mutum biyu, sai "are".

Wannan kuskure ba a ɗakin jarrabawa yake tsayawa ba, yakan bi mutum har cikin takardar neman aiki. Ɗalibi, kafin ka danna amsa, tsaya ka tambayi kanka: su nawa ne masu aikin, kuma wa ya zo rakiya kawai?