Yadda tsara layi a na'urar intanet ta gida ke ceton kira da tiransifa

Mutanen Sheme da ke Ƙaramar Hukumar Faskari ba sa buƙatar wani ya yi musu bayanin darajar sabis. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, domin daƙile 'yan bindiga. Hakan ya biyo bayan hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, kuma sai a ƙarshen shekarar aka maido da layukan.

Sabis ya dawo, amma a karkara ƙarfinsa hawa da sauka yake yi. Shi ya sa wasu gidaje da shaguna ke sayen na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta, a sa mata layi guda kowa ya jona wayarsa. Daga nan kuma sai wata matsalar ta ɓullo. Ana tsakiyar kiran WhatsApp da ɗan'uwa a Kano ko Saudiyya sai murya ta riƙa yankewa. Ana tura kuɗi ta manhajar banki sai abu ya yi ta juyawa har ya katse, mai shago da mai saye su tsaya cirko-cirko ba a san ko kuɗin sun fita ba. Akan ɗora wa kamfanin waya laifi, wani lokacin da gaskiya. Amma sau da yawa cunkoson a cikin ɗaki yake.

Duk abin da ke bin intanet, murya ce ko hoto ko saƙon banki, yanyanka shi ake yi zuwa ƙananan ƙulle-ƙulle, su fita ɗaya bayan ɗaya. Idan sun zo da yawa fiye da yadda hanya za ta ɗauka, sai na'urar ta jera su a ma'aji, wanda ya riga zuwa ya riga fita. Abin ya yi kama da injin niƙa: idan mai buhu biyu na masara ya riga shiga, yarinyar da aka aiko da ɗan kwanon gero na kunun safe sai ta jira, alhali nata niƙan bai kai minti ɗaya ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ce ƙarfin ɗora kaya na gidan megabit 2 ne a daƙiƙa, ma'ajin kuma na ɗaukar megabait 1, wato megabit 8. Da zarar wani yaro ya fara ɗora bidiyo a TikTok ya cika ma'ajin, duk ƙullin da ya zo a baya sai ya jira daƙiƙa 4. Ita kuwa Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, shawararta ita ce kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa. Wani injiniya ɗan Amurka, Jim Gettys, shi ya fito da wannan cuta fili a 2010, aka sa mata suna bufferbloat, wato kumburin ma'aji. Ƙarin data ba ya maganinta, abin da ya kamata a sani tunda hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Maganin shi ne a kasa layin gida-gida, kuma gida uku sun isa. Na gaba shi ne na abubuwan da ba su da nauyi amma ba sa haƙuri: kiran murya, saƙon da waya ke aikawa don neman adireshin shafi, da na'urar POS idan ta Wi-Fi take aiki. Na tsakiya na kowa da kowa ne, karatu da hira da kallon bidiyo, kuma duk abin da ba a tantance ba nan zai faɗa. Na baya shi ne na masu buhu: sabunta manhajoji, sauke fina-finai, da kwashe hotunan waya zuwa Google. Waɗannan ko sun ƙara minti goma babu wanda zai ji a jikinsa.

A nan ne masu gida da yawa ke kuskure, domin sukan raba matsayi bisa girman mutum. Wayar Alhaji a sama, ta uwargida a tsakiya, ta yara a ƙasa. Girmamawa ce, amma na'ura ba ta san furfura ba. Wayar Alhajin ita ma tana sabunta manhajoji a ɓoye, kuma ranar da ta fara za ta danne kiran gaggawar da wani ke yi da ƙaramar wayarsa. A yankin da saƙon murya na daƙiƙa goma kan iya sanar da dangi cewa kada a bi wata hanya yau, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Irin kayan ake dubawa, ba mai kayan ba.

Sannan dole a sa wa gidan gaba iyaka, a kuma ware wa na baya ɗan rabon da ba za a taɓa ba. Idan aka ce na gaba ya wuce ko yaushe ba tare da ƙa'ida ba, na baya zai iya kwana bai motsa ba. Tsarin CAKE, wanda aka shigar cikin Linux a 2018, ya ba murya fifiko har zuwa rubu'in ƙarfin layi, ya kuma bar wa manyan kaya kashi 1 cikin 16 ko da an cunkushe. Idan babu kowa a hanya, kowane gida na iya cin layin gaba ɗaya.

CAKE ya samo asali ne daga CoDel, dabarar da Kathleen Nichols da Van Jacobson suka wallafa a 2012. Wani alherinsa shi ne yana ba kowace hulɗa nata ɗan layin, ya riƙa shigar da mai ɗan kaya gaba ba tare da an gaya masa ba. Wannan na da muhimmanci ga tiransifa, domin saƙon banki a rufe yake tafiya, rauta ba ta iya bambanta shi da na Facebook cikin sauƙi. Amma tunda ƙarami ne, sai ya wuce. Wanda ya ƙirƙiri matsayi bakwai ko takwas da hannunsa yakan ƙare da wahalar da kansa ne kawai.

Duk wannan ba zai yi aiki ba sai idan layin a cikin gida ya taru, ba a turken kamfani ba. Saboda haka ake auna ƙarfin intanet, a umarci rauta kada ta wuce kamar kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abin da aka samu. An yi asarar kaɗan, an riƙe linzami. Sai dai a wuri irin Sheme ma'aunin hantsi daban yake da na bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau waya. Gara a ɗauki na daren. Masu rautar da ke aiki da OpenWrt na iya sa cake-autorate, wadda ke bin hawa da saukar sabis da kanta. Ko Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙarfinta na canzawa, musamman idan hadari ya haɗu.

Ƙananan na'urorin MiFi da kamfanonin waya ke sayarwa galibi ba su da wannan tsari. Mai hali na iya jona rauta ta biyu irin su MikroTik ko wasu samfurorin TP-Link, ya nemi sashen da aka rubuta QoS ko SQM. Marar hali sai ya yi da hannu: a kashe sabunta manhajoji ta atomatik a kowace waya, a hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, a canza kalmar sirri idan ta zaga unguwa. Babu ɗaya daga cikinsu da zai tayar da turken da man injinsa ya ƙare.

Mai son sanin ko cutar a gidansa take, ya buɗe shafin fast.com ya latsa wurin ƙarin bayani. Zai ga jinkiri iri biyu, na lokacin da layi ke sake da na lokacin da aka yi masa lodi. Idan na farko 60 ne, na biyu kuma ya haura 1,000, to ma'aji ne ya kumbura.