Gardamar Gindin Dogon Yaro Bayan Jarrabawar Bayoloji

A makarantun sakandare na ƙasar Bakura, daga Dakko har zuwa maƙwabta Talata Mafara da Maradun, ranar da aka rubuta jarrabawar Bayoloji ɗalibai ba sa watsewa da wuri, ko ta ƙarshen zango ce ko ta WAEC da NECO. Da mai sa ido ya karɓe takardu sai a taru gindin dogon yaro, maza gefe, mata gefe, kowa na tambayar na kusa da shi: "Mi kas samu a ta ukku?" In tambayar ta shafi gadon halitta, sai ka ga wani ya tsuguna ya zana akwatin nan mai gida huɗu a ƙasa da tsinke, ya sa A da S a sama, A da S a gefe, gardama ta kaure. Akwai malaman da ke korar su, suna cewa aikin gama ya gama, a je a yi shirin takardar gobe. A ganina wannan kora asara ce, domin a darasin gado wannan gardama ce kaɗai wurin da kuskuren yaro ke fitowa fili tun bai tafi da shi gida ba.

Tambayar da aka saba yi ita ce: namiji mai AS ya auri mace mai AS, mene ne rabon 'ya'yansu? Amsar takarda mai sauƙi ce, AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Mai duba takarda zai ba da maki cikakke ga duk wanda ya rubuta haka, kuma ba shi da hanyar sanin abin da yaron ya fahimta. Sai a gindin bishiya ake jin wani ya ce ai ma'anarsa shi ne in an haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ne zai zama mai sikila, sauran ukun sun tsira. Wani ma ya ƙara da cewa na huɗun ne abin ke faɗa wa. Duka biyun ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban, kamar jefa kwabo sama, wanda faɗuwar ɗazu ba ta hukunta ta yanzu. In aka ɗauki gidaje 100 na irin waɗannan ma'aurata, kowane da 'ya'ya huɗu, lissafi ya nuna kusan gida 32 ba za a samu mai SS ko ɗaya ba, kusan 42 za a samu ɗaya, sauran kusan 26 kuwa za a samu biyu ko fiye. Gregor Mendel da kansa, malamin cocin nan da ya yi gwajinsa da wani irin wake a garin Brno ya buga sakamakon a 1866, bai ga rabon uku da ɗaya a tsiro huɗu ba. Sai da ya ƙirga dogaye 787 da gajeru 277 sannan rabon ya bayyana, kuma ko a nan bai cika cif ba.

Dalilin da ya sa wannan kuskure ya wuce batun maki shi ne inda muke zaune. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu amosanin jini, wato sikila, a duniya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a kowace shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa ƙwayar ta yawaita a inda sauro ya yi katutu. Wanda ya san fadamun shinkafar da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa ba ya buƙatar dogon bayani kan sauro. Ga kuma auren zumunci, wanda ke ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya. A 2024 jihar Kano ta yi dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Amma takardar asibiti haruffa biyu kawai take ba mutum, fassara su kuwa sau da yawa tana faɗawa kan ɗan makarantar da ke cikin gida. Yarinyar da ke gardama a gindin bishiya yau, ita ce gobe goggonta za ta miƙa wa takarda ta ce, "'Yar nan, duba mana abin da likita ya rubuta."

Masu adawa da wannan taro suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, suna cewa yana karya zuciyar yaron da ya gano ya yi kuskure, ya shiga takardar gobe jiki a sanyaye. Gaskiya ne hakan na faruwa. Sai dai yaron da aka kora bai daina tunanin amsarsa ba, tafiya kawai ya yi da shakkarsa shi kaɗai, ko ya ƙarasa gardamar a hanya inda babu mai gyara. Hujja ta biyu ta fi nauyi: a irin wannan taro mai babbar murya ke rinjaye, ko da shi ne bai gane ba, har ya sa mai gaskiya ya janye. Wannan ma haka ne, amma abin da yake nunawa shi ne ana buƙatar malami a wurin. Minti goma sun isa ya tsaya ya saurara, ya bar su su zana, sannan ya jefa tambaya ɗaya: to in ɗan fari ya zo da SS, na biyu fa? Amsoshin da zai ji za su gaya masa abin da takardu hamsin ba su gaya masa ba. Ga makarantun da suka yi asarar karatu lokacin da aka rufe makarantun Zamfara a Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, darasin da yara suka buɗe da kansu ba abin yasarwa ba ne.

Akwai kuma masu cewa wannan lissafi na gadon sikila shisshigi ne cikin ƙaddara, haihuwa ta Allah ce. Babu mai jayayya da cewa ta Allah ce. Amma manomin Dakko da ke ware zangarniyar gero mafi kyau ya ajiye don iri, da makiyayin da ke zaɓar bunsurun da zai bari cikin jajayen awakinsa, ba wanda ya taɓa cewa sun yi wa ƙaddara shisshigi. Lissafin ma bai yi alkawarin sanin wane ɗa ne zai zo da me ba, iyakarsa faɗin girman haɗarin.

A wannan gardama ce kuma wata tambayar ke tasowa, ta XX da XY, wato ta jinsin jariri. Yara da dama na rubuta daidai cewa uwa X kaɗai take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y, ba tare da sun haɗa wannan da matar da ake yi wa gorin haihuwar 'ya'ya mata zalla a unguwarsu ba, har a yi mata kishiya a kan haka. A cikin aji kunya na hana a ambaci irin wannan. A gindin bishiya, tsakanin sa'o'i, wata takan faɗe shi kai tsaye, kuma malamin da ke tsaye kusa zai iya tabbatar mata a gaban kowa cewa abin da ta fahimta daidai ne.