A Wayar Mana Da Kai Kafin A Zo Neman Jinin Al'ada

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin hukuma da iyayenmu sarakuna kan wani bincike da ya shafi mata.

A shekarar 2004 wata masaniya a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya, Caroline Gargett, ta gano cewa a bangon mahaifa akwai ƙwayoyin halitta na asali masu sabunta nama. A 2007 kuma masana a Amurka suka sami irinsu a cikin jinin al'ada kansa. Da yake auduga shanye jinin take yi, sai masu binciken ke ba mata ɗan kofin roba mai taushi da ke tara shi, a kai ɗakin gwaji, ba allura ba tiyata. Har yanzu gwaji ake yi, bai zama maganin da ake rubutawa a asibiti ba.

Abin alheri ne, amma fa a nan gizo ke saƙar. Mu 'yan tireda mun sani, mace ko audugar za ta saya sai ta aiko yaro saboda kunya. Wadda ta yi amfani da ita kuwa ƙonawa take yi ko ta binne, don tsoron matsafa. To, ta yaya za a ce mata ta bayar da jinin?

Ba mu manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka, kafin abin ya iso, a nemi fatawar malamai, a bi ta hannun Masarautar Daura da hakimai, likitoci mata su yi bayani da Hausa. Kada a karɓi komai sai da yardar mace, kada kuma a mai da shi haja.

Kafin nan, gwamnatin Jihar Katsina ta taimaka audugar ta yi araha, domin a ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua 'ya'yanmu da yawa tsumma suke sawa, wasu har fashin makaranta suke yi.

Allah Ya sa a duba, amin.

Naka,
Manomi kuma ɗan tireda,
Daura, Jihar Katsina.